Lambar da Ba Ta Fito Ba

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar mai kewa, tare da fatan kina lafiya, ke da yara da maigidanki Yaya Dogo.

Maigidana Injiniya ya yi tafiya, ya bar mini ofis. Ni kaɗai ce a benen nan na saman masu gyaran waya, daga ni sai kwamfuta da fankar da ke kuka kamar tana da ciwon haƙori. Aikin ba wuya. Mutane na ajiye kuɗin kirifto, wato kuɗin intanet, a manhajarsa, in suna so su cire. Kowace aikawa tana da doguwar lamba ta shaida. Ya ce in wani ya kawo ƙorafin cewa kuɗin da ya cire bai iso ba, in nemi lambar a allo. In ba ta fito ba, kuɗin bai tafi ba ke nan, in sake aikawa.

Akwai wani bawan Allah, Yaya, da lambarsa kullum ba ta fitowa. Mahaifiyarsa na kwance a asibiti. Jiya ya rubuto: "Ranki ya daɗe, ban san fuskarki ba, amma na san hannun da ke share hawayen maraya." Sai da na ajiye littafin da nake karantawa na yi kuka. Na sake aika masa, kamar yadda nake yi tun farkon mako. Ji nake kamar ni ce a cikin labarin.

Ki ba Yaya Dogo haƙuri. Na san har yanzu yana jin zafin yadda Injiniya ya cire shi daga ofishin da suka kafa tare.

Ƙanwarki,
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Har yanzu kina nan da littattafanki? Ke da aka aika sayen gishiri kika dawo da labarin mai kanti. To, ki ci gaba da taimakon mai uwa a asibiti, lada ne. Kada ki dame mijinki da maganar a waya, ki bari ya dawo ya ga ƙoƙarinki da idonsa.

Dogo ya ce ba komai, ya manta. Yaushe ne ma Injiniyan zai dawo?

Ki huta lafiya.
Yayarki

Uwargida,

Sallama. Na rubuto ne don in na buɗe baki a gabanki ban san abin da zai fito ba.

Kuɗin mutumin nan mai uwa a asibiti yana isa gare shi tun aikawar farko. Lambar da kike nema daga jikin saƙon kuɗin ake fitar da ita, har da sa hannunmu na kwamfuta. Kafin saƙon ya tabbata a rajistar kirifto, wanda ya san kan abin yana iya taɓa fasalin sa hannun kaɗan ba tare da ya ɓata shi ba. Kuɗi ya tafi inda aka nufa, amma da sabuwar lamba. Ke kuma kina neman tsohuwa. Da kin duba asusun da aka aika wa, da kin ga kuɗin zaune a ciki.

Ajiyar mutane ce kika yi ta zuba masa. Gobe masu ajiya za su cika matakalar benen nan, kuma zan gaya musu matata ce ta yi wasa da kwamfuta ba da sanina ba. In na ce manhajar ce, ofis ya mutu. In na ce ke ce, za su tausaya mini.

Ki haɗa kayanki kafin in taso. Littattafan ma ki kwashe, suna tara ƙura.

Wassalam.
Injiniya

Yaya,

Ina gaisuwa.

Ya kore ni. Na tsaya a bakin ƙofar ofis ina jin sa yana gaya wa mutane wai ko kunna kwamfuta ban iya ba. Wata tsohuwa mai sayar da zannuwa, wadda nake ba kujerata kullum, ta dube ni ta ce, "'Yar nan, kuɗin aikin idona ne."

Na ce wa Injiniya, "Ai kai ka ce in sake aikawa." Ya ce, "Wa ya ji?"

Mai gyaran waya na ƙasa ya ce mini wannan matsalar ce Yaya Dogo ya yi ta faɗa wa Injiniya ya gyara: a daina dogaro da lambar, a riƙa duba ko kuɗin ya bar asusunmu. A kanta suka yi faɗan da ya raba su. Ashe ya sani, Yaya. Ya sani ya zaunar da ni a kujerar.

Abin da ya fi ci mini rai, na rubuta wa mai uwa a asibiti na ce ya dubi Allah ya dawo da ko rabi ne. Shiru. Har yanzu zuciyata na ce mini wataƙila uwar ce ta rasu.

Ina ɗakin maƙwabciya da akwati biyu. Ki ba ni ɗakin baƙinku ko na wata guda ne. Ba ni da kowa sai ke.

Taki har abada,
Auta

Auta,

Mun amsa gaisuwa.

Ɗakin baƙi babu wuri, Dogo ya zuba sababbin kwamfutoci, zai buɗe nasa ofishin.

Ki daina yi wa uwar nan kuka, babu ita. Dogo ne ya riƙa taɓa sa hannun don lambar ta canza, ni na rubuta saƙonnin mai uwa a asibiti. Wa ya fi ni sanin abin da ke sa ki hawaye? Na "hawayen maraya" ina tsaye ina guga na tsara shi.

Ki gaida maƙwabciyar.
Yayarki