Allurar Dogo

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Inna da yara. Ya ƙafar Inna? Don Allah ki hana ta yawan tsayuwa.

Ni lafiya lau, aikin ba wuya. Sai dai Dogo ya mutu, karen tsohon da nake kula da shi. Na san za ki yi dariya, ni da nake canza hanya in na hango kare. To, a gidan nan shi kaɗai ke murna in na shigo.

Bara da aka yi masa rigakafi, fuskarsa ta kumbura har idanunsa suka rufe. Bana da na kai shi, na gaya wa likitar dabbobi. Ta ce, "Allurar ciwon haukan kare dole ce. Zan fara ba shi maganin kariya, in an yi ku ɗan zauna mu gani." Ta yi iya ƙoƙarinta. Bayan allurar, muna kan benci ya fara amai, numfashinsa ya sarƙe. Ma'aikatan suka ruga da shi ciki, aka bar ni da igiyarsa a hannu.

Tsohon kuwa mantuwa ta kama shi. Kullum sai ya ce, "'Yata, kin ba Dogo abinci?" In na faɗa masa gaskiya, sai ya yi kuka kamar yau ya fara ji. Jiya dai na ce, "Na ba shi, Baba, ya cinye."

Ku sa ni a addu'a. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki.