An Ce In Ja Baƙi, Ni Kuwa Ƙaho Na Karanta

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da masu karatu manya da ƙanana. Kafin ku faɗa bari in riga ku: wawan labarin nan ni ne, babu wani. Ina roƙo a sakaya sunana, wanda kuma bakinsa ke ƙaiƙayin zagi ya tuna na yi jika da shi. Bokona aji uku ne na elementare a Birnin Kudu, in kun ga rubutu ya karkace ku miƙar da shi.

Ana gab da samun 'yancin kai mahaifina, wanda malami ne a wani gari cikin ƙasar Gwaram, ya ɗaure min buzu da allo ya ce in tafi Gabas, kada in dawo sai da Alƙur'ani a ka. Ina tsaye a Birnin Kudu ina jiran motar Maiduguri sai wata babbar mota ta lalace a bakin titi, mutanen ciki suka sauko gindin tsamiya suka fito da ganguna da wasu ƙahonni na tagulla masu walƙiya. Makaɗan otal ne, daga Kano za su Jos. Da suka fara kiɗa sai na ji abin ya shige ni har ƙashi. Shugabansu, wani mutumin Gwalkwas, wato Ghana ta yanzu, da ake kira Oga Kwesi, ya ga na saki baki, ya miƙo min ƙaho ya ce, "Kai ɗan malam, busa mu ji." Na busa, wani jaki a hayin titi ya amsa min. Oga ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya dafa ƙirjina ya ce akwai iska a nan. Da aka gyara mota aka tashi, ina ciki, allona a ƙarƙashin babbar ganga.

Shekara goma sha wani abu ina busa a otal-otal na Jos da Kaduna da Sabon Garin Kano. Kiɗan jaz muke yi, mu haɗa da na rawar mutanen kudu, ina sanye da farar kwat da ɗan jan ƙyalle a wuya kamar ragon da aka yi wa alama. Akwai wata mawaƙiya 'yar Saliyo mai riga mai sheƙi, in ta ja waƙa ta tsaya sai ta nuna ni da yatsa, ni kuma in miƙe in amsa mata da ƙaho, Turawa da manyan ma'aikata suna tafi. Ba zan yi muku ƙarya ba, na iya. Bikin 'yancin kai mun busa har leɓena ya tsage. Abu ɗaya Oga ya dasa mana a ka: "A jaz babu kuskure. In ka manta, ƙirƙiro naka. In ka busa ba daidai ba, sake busa shi ka haɗe rai, sai a ce salo ne." Da kuɗin man fetur ya zo ƙasar nan muka zaci kakarmu ta yanke saƙa, ashe ƙarshenmu ne, don masu otal faifai suka saya da manyan lasifikoki, wai su ba sa cin abinci. Oga ya koma ƙasarsu, kowa ya kama gabansa.

Ina zan nufa? Gida. Da me zan shiga? Na sayar da ƙaho, na tara gemu, na yayyafa wa tsohuwar rigata tawada, na sauka da buzu a kafaɗa. Na tarar mahaifina ya rasu yana yi wa ɗansa na Gabas addu'a. Ni ban taɓa buɗe baki na ce na haddace ba, Allah shaida, amma da aka ce "Sannu da zuwa, Alaramma," amsawa na yi. A kan wannan sunan wani malami abokin mahaifina ya ba ni 'yarsa, ita ce uwar 'ya'yana har yau. Daga nan na ci gaba da rayuwa da dokar Oga. Na karɓi ladanci, don numfashin mai ƙaho ba ya yankewa, mutane suna cewa ka ji huhun gardi. In Liman ya yi tafiya sai ciwon ciki ya kama ni, kada a ce in ja salla. In an kawo min tambaya in sunkuyar da kai in ce Allah ne masani, a je wajen Liman, su fita suna cewa kun ga zurfin ilimi, ba ya son nuna kansa. Alhali karatuna inda mahaifina ya bar ni nan yake, izu biyu, su ma sun zube kamar haƙorana.

To ga abin da ya hana ni cin abinci. Mai ja wa Liman baƙi a tafsirin azumi, wato mai karanto aya Liman ya fassara, ya kwanta jinya a Kano. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sallame, Liman ya juyo gaban jama'a ya ce, "Alhamdu lillahi ba mu rasa ba. Bana Alaramma zai fito mana da abin da ya daɗe yana ɓoyewa." Masallaci ya ɗauki kabbara. Ni kuwa sai na ji buzuna ya yi sanyi. Na bi shi har zaure na ce, "Allah gafarta Malam, idona ya yi rauni." Ya ce, "Wanda ya haddace ina ruwansa da ido?" Na ce murya fa? Ya ce, "Muryar da ke tashin mutanen Farin Dutse daga nan?" Na ce akwai matasa, a ba su dama. Ya kama hannuna, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Wannan tawali'un naka shi ne ya sa sai kai."

Jama'a, kun san wurin tafsiri. Sahun gaba duk mahaddata ne, wasali ɗaya ka karkatar za su gyara maka da baki ɗaya kamar an taka wutsiyarsu. A can ba a ƙirƙiro naka. A can ba a maimaita kuskure a haɗe rai. Kuma ko babu su, maganar wa zan ƙirƙira? Wannan na fi tsoronsa a kan kunyar mutane, ko da yake kunyar ma ba ƙarama ba ce. 'Ya'yana ana kiransu 'ya'yan Alaramma. Akwai waɗanda na tofa wa addu'a a ruwa suka sha suka ce sun warke. In na tashi na ce ƙaho na karanta, da wane ido zan bi ta kasuwar Gwaram? In na yi shiru na zauna a gaban lasifika, me zai fito daga bakina? Na yi tunanin in gudu wajen 'yata a Kangire in ce jinya, amma Kangire nan ce nan, da babur za a zo a ɗauko ni. Ga wata ya kusa tsayawa. Ku faɗa min don Allah, ni yanzu me zan yi?

Kada ku ce in fara da shawartar iyali, na gwada jiya. Hajiya tana tsince shinkafa a tsakar gida, na zauna nesa kaɗan na gyara murya na ce ina da wani aboki, bawan Allah, wanda aka tura karatu ya ɓuge da busa a otal. Ban kai rabi ba ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Abokin nan naka, tun makon da aka kawo ni gidansa na ji yadda yake karanta Tabbat, na san Gabas ɗinsa ba ta wuce tasha ba."

Na ce, "To ai kin ga, Hajiya, tunda ke 'yar malam kin jure shekara da shekaru ba ki tona ba, wataƙila su ma..."

Ta ajiye faranti ta dube ni.

"Ni aure ne ya sa na rufa maka asiri, Malam. Su mutanen sahun gaba, wa ka aura a cikinsu?"