Na Yi Tsalle Babu Mai Yi Mini Dariya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? Ina yaranki da maigidan? Ni lafiyata ƙalau, kada ku damu.

Na samu aiki a wani shago da ke kafa wa mutane abin wasan yara a bayan gida. Ba abin da na karanta ba ne, amma halal ne. Jiya aka tura ni kafa tarampolin, wato shimfiɗar roba da ake ɗamewa da sifirin a zoben ƙarfe, yara su yi tsalle a kai. Aikin mutum biyu ne, domin ana sa sifirin ɗaya nan, ɗaya a ɓangaren da ke fuskantarsa, don kada shimfiɗar ta karkace. Ni kaɗai na yi ta zagaye. Na kafa turaku, na ɗaura ragar kariya, na sake duba kowane ƙulli.

Ƙa'ida ce sai mun gwada kafin mu tafi. Masu gidan ba sa nan, makullin ƙofar baya kawai suka bari. Na cire takalmi na hau. Yaya, ƙato da ni da digiri, ina ta tashi sama, har dariya ta kuɓuce mini. Na waiga in ji kin ce, "Auta, girma dai ya faɗi." Katanga ce kawai.

Kada ki gaya wa Inna. Amma don Allah ki kira ni ranar Juma'a, ko ba labari. Ki ajiye wayar a tsakar gida, ku ci gaba da hayaniyarku, ni zan saurara.

Allah ya bar mu tare.

Ƙaninki,
Auta