Rubutun da ya dawo da amalanke

Talata da dare, Mafara

Yau kam kaina ya fasu. Wata uku ke nan da na rubuta wa Baba Ɗan-Ige na Ruwan Gizo sunansa a bayan amalankensa, da haruffan nan masu lanƙwasa da jela. Yaya Sani, da muke shagon fenti tare, har dariya ya yi mini: "Wa zai tsaya karanta wannan? Kwalliya sai katin biki."

Ran Juma'a aka sace amalanken. Ɗazu da la'asar sai ga Baba a kan abinsa, shanu na ja. Wai wata mai fura da ke cin kasuwarmu ce ta gan shi a Bakura, ta kai masa labari aka karɓo. Ko bihim ba ta sani ba a boko, amma ta ce rubutun da ke yaɗo kamar kabewa guda ne a ƙasar nan.

Baba ya kama hannuna, duk fenti, ya ce, "Ɗana, Allah shi yi ma albarka."

Da za mu rufe, sai Yaya ya sauko da allon shagonmu, ya miƙo mini: "Gobe ka sake muna shi."