Masu Gida Sun Daina Sa Farar Riga

Binta,

Assalamu alaiki. Gaisuwa ce da ba za ki amsa ba, a takardar da ba za ki karanta ba. Na san haka, hankalina bai gushe ba tukuna. Da liman zai gan ni zai ce addu'a ce kaɗai take isa gare ki, kuma gaskiyarsa, ina yi miki bayan kowace salla. Amma akwai maganar da ba ta addu'a ba ce, ta cikin gida ce, kuma tun da muka kai ki makwancinki ban ga wanda zan gaya wa ba.

Gida lafiya. Ɗanki Sadiq ya samu ƙarin girma a wajen aiki, har yanzu ina yi masa Hausa yana mayar min da Turanci. Garejina na Dagenham yana tafiya, yaran suna loda motoci ana kai wa gida kamar da. Baturken nan na kan kwana, wanda yake ware miki attaruhu mai kyau, ya sayar da shagon ya koma ƙasarsu. Wurin ya zama shagon caca. Edmonton dai tana nan yadda kika bar ta, sai ƙarin hayaniya.

Idona ne, Binta.

Sugan nan da kika yi ta faɗa da ni a kansa, shi ne ya shiga ido. Ya fara kamar wani ya dangwala yatsa mai maiƙo a tsakiyar gilashin mota. Na goge tabarau, na sake gogewa, na canza wani. Da na je a duba, yarinyar da ta haska min fitila a ido ta daɗe tana dubawa. Daga baya ta ce in daina tuƙi, in sanar da ofishin lasin. Ni, Garba, da na shigo ƙasar nan da jaka ɗaya, na wanke motocin mutane cikin sanyi har fatar hannuna ta tsage, na ja tasin da suke kira minicab har na san lungunan London fiye da na Fagge. Ni za a ce wa in sauka daga mota. Na yi mata godiya, na fito, na shiga motata na tuƙa zuwa gida. Ban gaya wa kowa ba. Da na goga gefen motar a jikin wani turke, na ce wa Sadiq ɗan babur mai kai abinci ne ya buge ni ya gudu.

Kin san abin da ya tona min asiri? Ƙwallon kwando. Da kina nan da kin yi dariya har kin riƙe ciki.

Kin tuna zamanin da muke flat ɗin council, gidan hayar hukuma, hawa na sama, lokacin da tashar kyauta take nuna gasar Amurka? Sai dare ya raba ake sawa, ni kuwa lokacin ina kan titi ina neman fasinja. Na sayo bidiyo na hannu, na nuna miki jan maɓalli, na ce ki riƙa ɗaukar min. Ban tambaye ki ko kina so ba. Kaset kuma ba ya isar wasa in aka bar talla a ciki, don haka dole ki zauna a gaban talabijin, da an tafi talla ki danna ki tsayar, da an dawo ki sake dannawa. Ga Sadiq yana goye. Ke da ba ki taɓa riƙe ƙwallo ba, kika kalli wasanni fiye da ni da na buga a sakandare har ake ce min Dogo.

Ranar Lahadi bayan azahar ita ce tawa. Ki kawo min shinkafa da wake da mai da yaji, in sa kaset, kiɗan buɗewar nan mai kakaki ya tashi, in ji tsigar jikina ta tashi. A lokacin babu inda mutum zai ji sakamako. Jaridun nan ba ruwansu da wasan, fasinjojina ƙwallon ƙafa kawai suka sani. A duk London ɗin da na sani, ke kaɗai kika san wanda ya ci. Ki zauna a gefe kina ninke kaya, fuskarki kamar ta alƙali. In saci kallonki in ana kankankan, ko gira ba ki ɗagawa. Na yi miki wayo, na yi lallashi, har fushin ƙarya na yi. Ba ki taɓa faɗa ba, ko sau ɗaya. Ina kika samo wannan zurfin cikin?

Kuma a wancan lokacin ana nuna wasa ne don a ga wasa. Kyamara tana tsakiya, fili katako ne launin katako, kana jin ƙarar takalma tana ciza ƙasa. Masu sharhi biyu, da kwat da laktaye, aikinsu suke yi. Wane ya karɓa, ya miƙa wa wane, ya kutsa ta hagu, ya tashi sama, ta shiga. Turancina bai kai ya kawo ba a lokacin, amma ko ina wanke hannu a kicin na san inda ƙwallo take. Kuma akwai doka guda da ko yaro ya sani: masu gida farar riga suke sawa, baƙi su sa mai launi. 'Yan ƙungiyata in suna gida fari, in sun fita ja. Shi ke nan.

Kaset ɗin suna nan a kwali ƙarƙashin bene. Bayan rasuwarki na fito da su, lokacin idon yana da sauran ƙarfi. Ba wasan nake nema ba, na haddace su. Wurin yankan nake jira. Mai sharhi ya ce za a tafi a dawo, kiɗa ya fara tashi, sai hoton ya yi tsalle, a dawo fili. Wannan tsallen yatsanki ne. Duk inda ya yi, kina zaune, idonki biyu. Akwai wani kaset da tallan ya zarce, na man wanke gashi, na mota, na inshora, har aka dawo wasa ba a yanke ba. Na tuna na yi miki mita a kansa saboda ƙarshen wasan bai shiga ba. Barci ne ya ɗauke ki ranar, ko yaron ne ba lafiya? Ban tambaya ba, yanzu kuma ba wanda ya sani.

Wani abu kuma na lura. Da an tashi wasa kike kashe ɗauka, ba ɓata lokaci. Amma in masu koriyar rigar nan ne suka ci, sai ki bar shi yana tafiya har su gama rungume-rungumensu. Binta, ashe kina da ƙungiya? A gidana, kina cin abincina, kina goyon bayan waɗanda na tsana? Shekara da shekaru kina zaune a gefena kina jin ina zaginsu. Da na sani da mun yi musu. Da na fi son haka.

Yanzu wasan ya koma hannun masu kuɗi. Sai ka biya, sai ka sauke app, sai ka tuna password. Kafin ka kunna ma wayarka ta riga ta faɗa maka wanda ya ci. Allon cike da lambobi suna gudu ta ƙasa da ta gefe, rabinsu na 'yan caca ne. Filin an shafe shi da fenti kala-kala. Masu sharhin kuwa hira suke yi kamar a teburin mai shayi, albashin wane, rigimar wane da kocinsa, ƙwallo ta shiga ta fita ba wanda ya kira sunan mai jefawa. An yi shi ne don mai lafiyar ido da yake danna waya. Mai kunne kaɗai ba shi da rabo.

Na daina kallo, Sadiq ya ɗauka kewarki ce. Yaron kirki ne, halinki ya ɗauko. Ya je ya sayo ƙaton talabijin ya kafe min a bango, ya biya kuɗin tashar, ya ce ranar Lahadi akwai wasan da ake sawa da wuri, ƙungiyata ce a gida, zai zo mu kalla tare kamar yadda yake ganinmu yana yaro. Ya zo da shinkafa da wake da matarsa ta dafa. Waken bai nuna ba, amma na ci.

Na zauna na gyara tabarau. Ba na ganin fuska, ba na ganin lamba, inuwoyi ne dogaye suna kai da kawo, wasu farare wasu baƙaƙe. Na kasa kunne ko masu sharhi za su taimake ni, suna can suna maganar takalmin wani. Sai na ce a raina ai da sauƙi, mu ne a gida, farare nawa ne. Farar inuwa ta tashi sama, na ji ragar ta yi motsi, na buga cinya na yi kabbara. Suka sake ci, na ce yauwa, haka ake yi. Na lura 'yan kallo sun yi tsit, na ce mutanen yanzu ba su san daɗin wasa ba. Sadiq ya yi dariya da farko, ya zaci tsokana ce. Na ci gaba. Na miƙe tsaye ina tafa wa mutanen da suke ragargazar ƙungiyata a gidanta.

Ashe masu gida sun daina sa farar riga. Yanzu kowa yana sa abin da ya ga dama, yau baƙi, gobe shuɗi, don a sayar da riguna. Wa ya gaya min? Yaushe aka canza?

Dariyar Sadiq ta tsaya. Ya ce in karanta masa makin da yake ƙasan allo. Na ce na bar tabarauna a sama. Yana kan hancina, Binta. Ya rage sautin har ya mutu. Muka zauna, inuwoyin suna ta gudu ba ƙara. Sannan ya tashi ya fita, na ji ya zagaya motar, ya tsaya daidai gefen da na ce ɗan babur ne ya buga. Da ya dawo ya durƙusa a gabana, abin da bai taɓa yi ba, ya yi min magana da Hausa. Hausarsa ta 'yan London, namiji ya koma mace, amma Hausa ce. Mukullin motar yake roƙo.

Kin san bakina. Na tambaye shi wa ya sayi motar, wa ya sayi gidan, wa ya biya masa makaranta. Na ce ba wanda ya taɓa riƙe hannuna a ƙasar nan kuma ba za a fara yau ba. Ina faɗa ina jin kwalin nan a ƙarƙashin bene kamar yana saurarena. Sadiq ya miƙe. Ya ɗauki kwanon matarsa ya tafi.

Na ci gaba da tuƙi har tsakiyar mako. Ranar ina dawowa daga gareji daidai lokacin tashin 'yan makaranta. A mashigar nan ta kusa da gida na ji ihun matar da take tsallakar da yara kafin in gan ta. Na taka birki da duk ƙarfina. Da na leƙa ta gefen ido, inda yake da sauran gani, yarinya ce ƙarama da hijabi, jakarta tana taɓa gaban motar. Ba ta ko yi kuka ba, kallona kawai take yi. Matar tana ta faɗa, ban ji me take cewa ba. Na kai motar gida da tafiyar da ƙafa ta fi ta sauri, na kashe ta na zauna a ciki. Da yarinyar ta ƙara taku ɗaya, me zan ce wa uwarta? Me zan ce wa Ubangiji, bayan an gaya min na ƙi ji?

Tsoro nake ji, Maman Sadiq. Ban taɓa faɗa miki wannan kalmar ba, ko ranar da likita ya kira ni gefe a kanki. Sun ce za su riƙa yi min allura a cikin idon, wataƙila a tsare abin da ya rage, amma wanda ya tafi ya tafi. Sadiq yana so in koma gidansa. Ban amsa ba. Ban san yadda ake zama a ɗakin da wani ya ba ka ba.

Ranar Juma'a ni na kira shi. Na ce ya zo ya kai ni masallacin Regent's Park, amma a motata. Ya biyo jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas ya zo, na miƙa masa mukullin a bakin ƙofa. Na zagaya ɗaya ɓangaren na buɗe. Tun tafiyarki ban bar kowa ya zauna a gaba ba, kujerar tana nan inda kika jawo ta don gajerun ƙafafunki. Na naɗe kaina na shiga, gwiwoyina suka tokare gaban motar. Sadiq ya miƙo hannu zai tura min ita baya, na riƙe hannun. A haka muka tafi, daga Edmonton har masallaci, gwiwa tana min zogi, ina kallon garin da na tuƙa rabin rayuwata ta tagar da kike kallonsa.

Allah ya jiƙanki, ya yalwata miki kabari, ya haskaka shi. Ki huta, Binta. Sai na iso.

Mijinki,
Garba Dogo