Ki Mayar da Rautar Cikin Langa

Zuwa ga Fanna, sanyin idona, farin watan da ke kwance a kan kogin Haɗeja, mai ƙamshin da ke riga sallamarta isowa, wadda murmushinta ya fi gasasshen kifin Guri daɗi ko da ya ji yaji. Gaisuwa mai tarin yawa daga wanda yunwar ganinki ta ramar.

Kin tuna ranar da kika fara kira na? Damina ta yi tsaka, kogi ya cika yana hararar gari, ke kuma kika bugo mini waya. Wai intanet ya ɗauke, masu sayen humra da turaren wuta suna jiran hotuna, ga wata amarya a Miga tana shirin fasa ciniki. Na zo da jakata ina taƙama kamar likita. Na duba data, akwai. Na duba wuta, sola tana bayarwa. Sai na nemi rautar da ke raba muku intanet ɗin, ko sama ko ƙasa! Ashe Iya ce, Allah ya ƙara mata lafiya, da ta ji ana maganar ambaliya ta naɗe ta da zani, ta saka a langa, ta rufe da murfi, ta ɗora a saman sif, igiyar kawai ke leƙowa kamar wutsiyar ɓera. Wane sabis ne zai ratsa ƙarfe, Fanna? Kika yi dariya har kika dafa ƙofa. Na ciro ta, wallahi a nan rautar ta kama, ni kuma hankalina ya ɗauke.

Sai rawar kai ta ci ni. Don in burge ki na zazzage miki sana'ata kaf. In fitilarta ta yi ja a kashe ta, a ɗan jira, a kunna. Kada a ajiye ta a bayan bango mai kauri. A canja lambar sirri, domin samarin da ke cika dakalinku ba don inuwa suke zama ba. Kika haddace tsaf. Ga shi yanzu intanet ɗinki ya fi na kowa lafiya a layin, ni kuma ba a nema na. Akwai wawan da ya kai mai gyaran da ya koya wa masoyiyarsa gyara? Shekaranjiya na bi ta ƙofarku, wayata ta gwada shiga yadda ta saba, aka ce mata lamba ba daidai ba. Ashe har da ni a cikin 'yan dakali!

Kuma labari ya iso ni. Wai Abdulfattah na garin Malam Madori ya yi wa Iya alkawarin faranti mai kamo intanet daga sama, kuma yana shirin turo magabatansa. Faranti! Shi ya san inda Iya ke ɓoye kaya? Tun da na ji, kishi ya toshe mini ƙirji yadda ciyawar kacalla ke toshe hanyar ruwa. A nan kam ba wasa nake ba. Ina son ki, ina tsoron rasa ki, kuma kunya ta hana ni yin sallama a gidanku ba tare da dalili ba.

To ki ba ni dalili, ya hasken raina! In kina so na, ki mayar da rautar cikin langa, ki rufe, ki yi kamar ba ki taɓa jin darasina ba, ki bar Iya ta aiko a kira ni. Zan zo, amma Kawu Misbahu zan sa a gaba da goro da alawa, shi ya nemi Babanki, ni in nemi saman sif. In kuwa Juma'a ta wuce intanet ɗinki yana ta gudu lami lafiya, na gane amsarki, kuma zan yi kuka irin na maza, a ɓoye.

Kafin nan ki sani, duk sahun masallacinmu ni kaɗai ne ke roƙon Allah ya lalata miki intanet.

Naki har kogin Haɗeja ya juya da baya, wanda ba ya ɗaukewa ko ana ruwa ko ana iska,

Fatihu