Ƙanin Mijina Ya Kayar da Ni da Maki Biyu

Gwaggo mai filin shawara,

Ki taimake ni kafin in aikata abin da zai raba gidanmu biyu. Kwana tara suka rage mini in yanke hukunci, kuma duk wanda na tunkara da maganar nan sai ya ce in yi haƙuri. Na gaji da jin wannan kalmar. Ki daure ki karanta har ƙarshe ko da na yi ta kewaye-kewaye, don raina a ɓace yake.

Shekarata arba'in da uku. Shekara goma sha bakwai ke nan ina aiki a ofishin lissafi na wata masana'antar roba, inda muke yin bokitai da kujeru da kwanduna. Da difloma na shiga. Aikina shi ne in gano abin da kowane kaya yake ci mana kafin ya fita ƙofa: robar da aka narka, ladan ma'aikata, wuta, gyaran inji, hayar sito. Idan manaja zai sa farashi, ko zai daina yin wani kaya, teburina yake zuwa. Amma duk lokacin da aka tashi naɗa shugaban ofis sai a ce sai mai digiri. Mutum biyu na koya wa aiki da hannuna, suka haye kaina ina ji ina gani. Shi ya sa na koma jami'a da girmana, karatun ƙarshen mako, ina zama benci ɗaya da sa'annin 'yata ta fari.

Bana ce shekarata ta ƙarshe, kuma a cikinta ne ake yin kwas ɗin lissafin kuɗin sarrafa kaya, wato aikin da nake yi tun wasu 'yan ajin suna rarrafe. Sai aka ba ƙanin mijina kwas ɗin ya koyar. Shi ne autansu, kuma Auta muke kiransa a gida. A hannuna ya girma tun rasuwar mahaifinsu, yana kwana a ɗakin da ke jikin kicin ɗina. A kan teburin cin abincina na fara nuna masa yadda ake ja layi a tsakiyar takarda, shiga a nan, fita a can. Yau ya zama malamin jami'a, kuma wallahi na fi kowa murna ranar da aka ɗauke shi.

Zan faɗi gaskiya ko da a kaina take. Kafin a fara zangon ya zo gida ya ce, "Yaya, doka ta ce idan ɗan'uwanka yana ajinka ka sanar da shugaban sashe, a ba wani ya duba takardarsa." Ni na hana shi. Na ce ba na son kowa ya san alaƙarmu, kada in ci jarrabawa da gumina a ce hanya aka yi mini. Ya ce to.

A mako na shida abin ya lalace. Zauren ya cika, mun kusa ɗari biyu, lasifikar ta mutu, yana ta ɗaga murya har ta dushe. Ya kawo misalin masana'anta mai yin kaya iri biyu, ya zo wajen raba kuɗaɗen gama-gari, irin su wuta da haya da gyaran inji, waɗanda ba za ka ce na wannan kaya ne shi kaɗai ba. Ya raba su bisa awoyin da ma'aikata suka yi a kan kowane kaya, ya ja layi biyu a ƙasa, ya ce lissafi ya nuna kaya na biyu asara ne, a daina yin sa. Wannan lissafin ne ya kusa sa mu rufe sashen bokitai shekara shida da suka wuce, da mutum talatin da ɗaya a cikinsa. Ni na zauna na sake rabon bisa awoyin da inji yake aiki, aka gano ashe kujeru ne suke shan wutar, ana ɗora wa bokitai laifi. Mutanen nan har gobe suna bakin aikinsu.

Na ɗaga hannu na yi bayani. Ya ce za mu zo wannan a babi na gaba. Na ce amma ga yara suna rubuta cewa a rufe sashe. Ya sake cewa za mu zo wurin. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba, na ce, "Haba Auta, wannan lissafin a takarda kawai yake tafiya." Zauren ya ɗauki dariya. Ya tsaya da alƙalamin allo a hannu, sannan ya juya ya goge allon. Daga ranar ɗalibai suka koma kiransa Malam Auta a bayan idonsa, har wani mara kunya ya rubuta a ƙofar ofishinsa. Shi kuma ya ɗauke ƙafa daga gidana. Na so in ba shi haƙuri, sai na ce ai ni na raine shi, zai huce.

Ranar jarrabawa, tambaya ta uku mai maki ashirin da biyar ta fito kusan irin wancan misalin. An ba da awoyin ma'aikata da na inji duka a jadawali, amma an ce a yi rabon da na ma'aikata. Na ga umarnin, ba zan yi miki ƙarya ba. Na yi da na inji, na kai lissafin har ƙarshe babu kuskure ko ɗaya, na ƙara rabin shafi ina bayanin dalilina. Na ɗauka duk malamin da ya san abin da yake yi zai ga wannan ya ƙara mini, ba ya rage ba.

Sakamako ya fito, maki talatin da takwas. Da arba'in ake tsallakewa. Ni, a wannan kwas ɗin.

Na same shi a ofis, wani ɗan tsukukun ɗaki da suke rabawa su biyu, takardun jarrabawa ɗaure da igiya a ƙasa har ba wurin sa ƙafa. Ya miƙe ya gaishe ni kamar baƙuwa. Ya zaro takardata, na ga sifili da jan biro a gefen tambaya ta uku, an zagaye shi sau biyu. Ya ce, "Yaya, ba abin da aka tambaya kika amsa ba." Na ce yarinyar da ke zama kusa da ni ta rikice tun a tsakiya, amsarta ta ƙarshe ba ta ma yi kama da gaskiya ba, amma ta ce ta sami goma sha ɗaya saboda matakan da ta bi. Ni matakaina fa? Ya ce ita ta hau hanyar da aka ce, ni kuwa ban hau ba tun farko. Ya ƙara da cewa, "Kowa a sashen nan ya san ke wace ce a wurina yanzu. Idan na ba ki ko ɗaya a nan, me zan ce?" Na fito ban rufe masa ƙofa ba.

Ga abin da ya sa nake ƙuna. Sau ɗaya ake yin kwas ɗin a shekara. Shugaban ofishinmu zai yi ritaya nan da wata huɗu, kuma manaja ya gaya mini da bakinsa cewa kujerar tawa ce idan na kawo takardar digiri. Idan ban kawo ba, akwai wani saurayi mai digiri da nake koya wa aiki yanzu haka. Na uku ke nan.

Jami'a ta ba da mako biyu ga mai son a sake duba takardarsa. Na rubuta takardar koke, tana cikin jakata. Amma maigidana ya ce idan na miƙa ta za a tono cewa Auta bai sanar da alaƙarmu ba, shi kuwa ba a ma tabbatar da shi a aiki ba tukuna. Ya ce shekara ɗaya ba mutuwa ba ce. Uwar mijina ta aiko a gaya mini cewa ba ta taɓa jin inda uwa ta kai ɗanta ƙara ba. Sai yanzu na zama uwa. Da yake zagaye sifili a takardata ba wanda ya tuna masa. Kowa yana lissafin abin da Auta zai rasa, ba wanda ya zauna ya lissafa nawa. In miƙa takardar nan, ko in haɗiye?

Akanta Mai Takaici

*

'Yar'uwa Akanta,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ba zan ce miki ki yi haƙuri ba. Amma zan fara da inda ba za ki so ba.

Abin da kika yi masa a zaure babba ne. Matashin malami da ba a tabbatar da shi ba, gaban mutum ɗari biyu, ba shi da abin da yake riƙe da aji sai kwarjini, ke kuma kika kira shi da sunan gida. Suɓutar baki ce, na yarda. Rashin ba shi haƙuri har tsawon zango guda kuwa ba suɓutar baki ba ce. Kuma ya gaya miki sau biyu cewa maganarki tana babi na gaba, wato bai ce kin yi kuskure ba. Malami yakan fara da hanya mai sauƙi kafin ya nuna inda take gazawa, kuma sauran 'yan ajin ba su yi shekara goma sha bakwai a masana'anta ba.

A jarrabawa ma kin ga umarni kika take shi da gangan. Da kin yi yadda aka ce, sannan kika ƙara rabin shafinki a ƙasa, da ba mu nan. Ina jin ba tambayar kika amsa ba, gardamar mako na shida kika ci gaba da ita a takarda. Rainon da kika yi masa kuma alheri ne, Allah ya ba ki lada, amma ba ya cikin abin da ake ba maki a kansa. Ki cire shi daga wannan magana gaba ɗaya.

To, shi ma bai fita ba. Na tambayi wata tsohuwar malama da ta daɗe tana koyar da irin wannan kwas, ban faɗa mata ko ke wace ce ba. Ta ce ya danganta da yadda aka tsara rabon maki: wasu tsare-tsaren suna ba da wani abu a kan matakan da suka biyo baya ko da an ɗauki ma'aunin da ba shi aka ce ba, wasu ba sa bayarwa. Don haka mai yiwuwa sifilin daidai ne, mai yiwuwa ba daidai ba ne. Abin da ba na shakka a kansa shi ne bai kamata a ce shi ya yanke ba. Da bakinsa ya ce yana tsoron abin da za a faɗa idan ya ba ki maki. Wanda yake duba takarda yana tunanin bakin mutane, ko yana jin zafin mai takardar, ba zai iya yi mata adalci ba ko ya so. Dokar da kuka tsallake ku biyu don irin wannan ranar aka yi ta. Ke kika roƙa, amma shi ne ma'aikaci, shi ya san dokar.

Ga abin da nake ganin ki yi. Gobe ki je ki same shi, ke kaɗai, ba a gidan uwarsa ba. Ki ba shi haƙurin abin da ya faru a zaure, haƙuri tsantsa, kada ki jingina shi da maki. Bayan haka ki gaya masa a fili cewa za ki nemi a sake duba takardarki, kuma kin ba shi kwana huɗu ya riga ki zuwa wurin shugaban sashe, ya faɗi alaƙarku da kansa, ya nemi a ba wani malami takardar. Wanda ya kai kansa ba a yi masa kallon wanda aka kamo, balle kuskuren da ya yi bai amfani 'yar'uwarsa da komai ba. Ba zan yi miki alkawarin ba za a ja masa kunne ba, amma wannan ce hanya mafi sauƙi gare shi, tunda maganar ta riga ta zagaye sashen.

Ko ya je ko bai je ba, ki miƙa takardarki kafin wa'adi ya cika. Sai dai ki yaga wadda ke cikin jakarki, don na san da wane rai kika rubuta ta. Ki rubuta sabuwa mai layi biyar: kina neman a sake duba tambaya ta uku, malamin ƙanin mijinki ne, kuma ke kika nemi kada ya sanar. Kada ki zarge shi da komai. Wannan ba kai ƙara ba ne, kuma haka za ki gaya wa maigidanki kafin ki fita, ki bar shi ya yi wa mahaifiyarsa bayani.

Ki shirya wa cewa mai dubawa na biyu zai iya barin talatin da takwas ɗin yadda yake. Idan haka ta faru ki karɓa, ki rufe maganar. Saboda haka kada ki jira sakamako kafin ki ga manaja. Ki je cikin makon nan ki gaya masa kwas ɗaya ya rage miki, ki nemi a ba ki riƙon kujerar har ki kammala. Mutumin da yake zuwa teburinki kafin ya sa farashi ya san darajarki, kuma ban ga inda kika ce kin taɓa roƙonsa wannan ba.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ba ki kujerar da kika daɗe da cancanta, ya kuma daidaita tsakaninki da ƙaninki.

Gwaggonku